Buguwar da Ba Ta Fitar da Jini

Ɗana, matso ka zauna nan gefen tabarma, ka ajiye wayar nan ta huta tukuna, domin maganar da nake so mu yi ba ta tsaye ba ce, kuma na jima ina juya ta a raina tun ranar da innarka ta aiko mini cewa an ɗauke ka aiki a ɗaya daga cikin masana'antun Sharaɗa, a sashen lodi da sauke kaya. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sanya albarka, ya sa ka shiga a sa'a, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na mutum. Sai dai ka san halinmu tsofaffi, ba ma iya yin murna ba tare da fargaba ta biyo baya ba, saboda mun daɗe a bakin hanya muna kallon masu wucewa, mun ga waɗanda suka fita da safe da ƙafarsu aka dawo da su a ɗauke, mun kuma ga waɗanda suka dawo da ƙafarsu lafiya lau a ganin ido, alhali ajali yana tafe a cikin rigarsu. A kan waɗannan na biyun nake so in yi maka magana.

A cikin shekarun 1980 ina akawu a wani kamfani a Bompai, ni ke riƙe da littafin da ake rubuta wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba, ni ne kuma ke riƙe da wani ƙaramin littafi mai jan bango da aka ce a riƙa rubuta haɗari a ciki in ya auku, wanda sai ya yi wata uku ban buɗe shi ba. A cikin leburorinmu akwai wani bawan Allah da ba zan kama sunansa ba, domin ƴaƴansa suna nan da rai. Ƙaƙƙarfa ne na gaske, irin mutanen nan da ke saɓa buhu a kafaɗa suna raha kamar sun ɗauki matashin kai, ga shi ba ya faɗa da kowa, ba ya latti, ba ya ƙorafi. Wata ranar Alhamis da hantsi wata babbar mota tana ja da baya za ta daidaita da dakalin lodi, shi kuma yana tsakani yana yi wa direba alama da hannu, sai ƙarfen bayan motar ya matse shi da dakalin ta gefen hagu, daidai ƙasan haƙarƙari. Ƙiftawar ido ce kawai, aka yi ihu, direba ya ja gaba, mutumin ya durƙusa yana riƙe da cikinsa. Muka taru a kansa, aka ɗaga rigarsa, ba jini, ba karaya, sai ɗan jan shati kamar inda igiya ta kwanta. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya yi murmushi ya ce, “Ba komai, buguwa ce.” Heluma ya dafa shi ya ce, “Sannu namijin duniya,” kowa ya koma bakin aikinsa. Ni ma ina tsaye a wurin, biro yana aljihuna, na ce a raina abin bai kai a ɓata takarda ba.

Ya ƙarasa aikin ranar, ya zo washegari, ya ci gaba da zuwa. Daga baya muka ji cewa a gida an yi masa duk abin da aka saba: maiɗakinsa ta gasa wurin da ruwan zafi da tsumma, ya sayi maganin ciwon jiki a kemis, wanzami ya kafa masa ƙaho don a zuƙe mataccen jini. Ya ce wa abokansa kafaɗarsa ta hagu ce ma ta fi damunsa, suka yi masa dariya suka ce ai ba a kafaɗa motar ta same ka ba. A rana ta goma, wata Asabar da asuba, ya sunkuya zai yi alwala a tsakar gidansa, sai ya kife. Da aka kai shi asibiti likitoci suka buɗe cikinsa suka tarar jini ya cika shi, saifarsa ta fashe. Suka cire ta, aka nemi masu ba da jini, mu huɗu muka bayar, Allah kuma ya yi da sauran kwanansa a gaba.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau yake hana ni barci wani lokaci. Da ya ɗan farfaɗo, ɗan'uwansa ya zo kamfani neman a biya kuɗin asibiti, a kuma duba halin da yake ciki, tunda an hana shi ɗaukar kaya mai nauyi na tsawon lokaci, shi kuwa ba shi da wata sana'a sai ƙarfinsa. Manaja ya saurare shi cikin mutunci, sannan ya ce shi dai abin da ya sani mutum ya faɗi a gidansa ranar Asabar, kuma kamfani ba shi da alhakin abin da ya faru a gidan mutum. Aka ce akwai shaidu, aka kira leburori, kowa ya sunkuyar da kai yana tuna bakunan da ke jiransa a gida. Ni na ce na gani da idona. Sai manaja ya ce in kawo littattafaina biyu. Jan littafin babu komai a cikinsa a wannan rana, babban littafin kuwa ya nuna, da rubutun hannuna, cewa mutumin ya zo aiki kullum bayan ranar da ake magana, ya cika awanninsa, har da ƙarin lokaci sau biyu. Bakina ya ba da shaida a gefensa, alƙalamina ya ba da shaida a kansa, kuma a ofis alƙalami ake ji. Ya koma ƙauyensu da ɗan abin da muka yi masa karo-karo, ban sake ganinsa ba.

Saboda haka, ɗana, bari in gaya maka abin da na koya bayan lokaci ya ƙure, daga bakin likitoci da kuma zaman jinya da na sha a rayuwa. Saifa tana nan a hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, nama ne mai laushi cike da jini, lulluɓe da wata siririyar fata. Idan aka buge ta, wani lokaci naman ciki ne ke tsagewa amma fatar ta riƙe, sai jini ya riƙa taruwa a hankali kamar ruwa a bayan shingen fadama, mutum yana yawonsa yana cin tuwonsa, har ranar da shingen zai ɓalle, bayan kwanaki ko ma makonni, wataƙila a kan tari ɗaya ko sunkuyawa ɗaya. Hanta tana dama, ita ma haka take zubar da jini a ɓoye. Ƙoda biyu suna baya, wajen kwiɓi. Haƙarƙari in ya karye yana iya soke huhu. Jinin da ke jikin babban mutum bai wuce kamar lita 5 ba, kuma cikin ɗan Adam yana iya shanye lita 2 ko fiye ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa riga ba. Abin takaicin ma shi ne ƙarfin saurayi irinka shi ke yaudararsa, domin zuciyar matashi tana iya rufa asiri, ta ƙara gudu ta riƙe jiki, har sai ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na jininsa kafin ya zube, kuma in ya zube a lokacin, tazarar da ke tsakaninsa da kabari ba ta da yawa.

Hausawa sun ce jiki magayi, kuma gaskiya ne, sai dai yana magana ne da ƙaramar murya, ana bukatar mai saurare. In wani abu ya buge ka a ciki ko ƙirji ko baya, ko ka faɗo daga bisa, ko kaya suka danne ka, ka kula da jiri in ka miƙe tsaye, da gumi mai sanyi ba tare da zafin rana ba, da ƙishirwar da ba ta jin ruwa, da zuciya mai bugawa kamar ka yi gudu alhali kana zaune. Ka sa a duba cikin fatar idonka da tafin hannunka, in sun yi fari fat to jini yana tafiya wani wuri. In ciki ya ɗaure ya yi tauri kamar allo, ko ya fara kumbura, kada ka jira gari ya waye. Ciwon kafaɗar hagun nan da aka yi wa abokinmu dariya a kai, ashe tsohuwar alama ce da kowane likita ya sani, domin jinin da ya taru a ƙarƙashin shamakin da ya raba ƙirji da ciki yana taɓa jijiyar da ke kai saƙo kafaɗa. Fitsari in ya fito da jini, ƙoda ce ko mafitsara ke kuka, in kuma ya yi duhu kamar ruwan bunu bayan wani nauyi ya daɗe a kan cinya ko ƙafa, naman da ya dagargaje ne ke sakin dafi, kuma yana iya kashe ƙoda. Raunin kai kuwa ya fi kowanne wayo: mutum zai suma ya farka ya yi hira da kowa garau, bayan wasu awanni ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci mai nauyi ya ɗauke shi, iyali su ce a bar shi ya huta.

Ban hana ka mutunta mai ɗori ko wanzami ba, sun yi mana rana tun kafin a gina asibiti, amma hannunsu ba ya kaiwa inda saifa take. Kemis kuwa ka yi hattara da shi a irin wannan rana, domin asfirin da diklofenak da danginsu suna rage wa jini saurin daskarewa, tiramol kuma yana toshe bakin ciwon ne kawai, ya bar ɓarnar tana ci. Asibiti za ka je, a ranar, ko da kana jin kunyar a ce ka cika raki. In ka je, kada ka tsaya a “cikina ke ciwo”. Ka gaya wa likita filla-filla cewa a wurin aiki ne, ƙarfe kaza, abu kaza ne ya buge ni a nan, ka kuma roƙe shi da ladabi ya rubuta hakan a katinka, saboda wannan layi ɗaya da zai rubuta shi ne igiyar da za ta ɗaure ciwon da aikin, ranar da wani zai ce a gida ka faɗi. In an yi hoton ciki an ce ba a ga komai ba, ka gode wa Allah, amma ka ajiye takardar, kuma in alamun nan suka biyo baya ka koma da gudu, domin hoton ranar farko ba ya ganin duk abin da zai bayyana a rana ta biyar.

Yanzu bari mu zo kan haƙƙi, domin zamaninku ya fi namu gata a takarda, ko da yake da yawanku ba ku sani ba. A da, ƙarƙashin tsohuwar doka, wadda aka sabunta a 1987, mai kamfani ne ke da alhakin biyan wanda ya ji rauni, saboda haka duk wanda ya zo da ciwo tamkar ya zo zura hannu ne a aljihun maigida, kuma ka san yadda aljihu ke kare kansa. A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan sabuwar dokar biyan diyyar ma'aikata, wadda ta soke waccan, ta ɗora aikin a wuyan hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa da aka fi sani da NSITF, mai hedikwata a Abuja da ofisoshi a jihohi, har da nan Kano. Tsarin shi ne kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata a cikin wani asusu na bai ɗaya, kuma daga wannan asusu ake biyan wanda tsautsayi ya faɗa wa. Dokar ta haramta a cire wannan kuɗi daga albashinka, nauyin maigida ne shi kaɗai. Ba ta kuma tsaya a kan masu takardar aiki ta dindindin ba: ta ambaci na wucin gadi, da ɗan aikin yini, da mai koyon sana'a, da wanda aka ɗauka da baki ba rubutu, har da mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Sojoji ne kawai ta ware. Ba sai ka nuna cewa sakacin maigida ne ba, abin da ake tambaya shi ne ko raunin ya samo asali daga aikin ko ya faru a cikinsa, kuma hanyarka ta zuwa aiki da komawa gida ma tana ciki, muddin wurin aiki sun san inda kake zaune. Don haka in ka sauya unguwa, ka je ofis a gyara adireshinka, kada ka ce ƙaramin abu ne.

Abin da ake biya ya haɗa da kuɗin magani da tiyata da jinya, da taimakon koyon wata sana'a ga wanda ba zai iya komawa tsohuwar ba. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada, doka ta ce a riƙa ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, wanda kuma ƙarfinsa ya ragu amma bai ƙare ba, ana lissafa abin da ya rasa na samu a biya shi gwargwado. Amma duk wannan alheri yana rataye ne da kwanaki, kuma nan ne nake so ka buɗe kunnenka da kyau. Kana da kwana 14 ka sanar da wurin aikinka, ko manaja, ko mai kula da sashenku, ko mai ba da agajin farko, ka faɗi sunanka da wuri da lokaci da yadda abin ya faru, cikin magana ta yau da kullum. Shi maigida doka ta ba shi kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma. Takardar neman diyya kuma a shigar da ita cikin shekara 1, in akwai uzuri mai ƙarfi ana iya saurara har zuwa shekara 3. Ka lissafa da kanka: abokinmu ya faɗi a rana ta goma, ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba, da a yau ne, kwana goma sha huɗun za su cika yana kan gadon asibiti. Gaskiya ne dokar ta bar ƙofa, in hukuma ta gamsu cewa wurin aiki sun riga sun san abin da ya faru tana iya karɓar koken da ya makara, amma me zai sa ka dogara da ƙofar baya alhali ta gaba tana buɗe? Ka sanar a ranar, a rubuce, kwafi biyu, a sa hannu a ɗaya ka tafi da shi gida. In sun ƙi karɓar takarda, ka tura saƙon waya ga shugabanka, domin saƙo yana ɗauke da ranarsa da lokacinsa, kuma ba ya jin tsoron kora. In an yanke hukuncin da bai gamshe ka ba, kana da kwana 180 ka nemi hukumar ta sake dubawa, bayan nan akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Na san abin da ke ranka, domin na ga yadda ka sunkuyar da kai. Kana cewa, Baba, mutumin da ya ɗauke ni aiki a wannan zamani da aiki ya fi zinariya wuya, in kai masa takarda kamar ina shirin ƙararsa? Ina kara, ina godiya? Kana kuma cewa ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Duka biyun tarbiyya ce mai kyau, mu muka koya muku, ba kuma zan ce ka zubar da ita ba. Amma ka tuna darasinku na Risala a makarantar zaure, babin hukuncin jini da haddi. Malaman Malikiyya sun san raunin da ya ratsa har cikin ciki, suna kiransa ja'ifa, sun kuma yanka masa sulusin cikakkiyar diyya, haka ma raunin da ya kai ga ƙwaƙwalwa. Ba ina cewa hukuncin can da dokar nan abu ɗaya ba ne, kowanne da muhallinsa, abin da nake so ka gani shi ne mutanen da suka fi mu imani da ƙaddara sun zauna sun auna wa cikin ɗan Adam kima, ba su ga hakan ya saɓa wa tawakkali ba. Jikin nan amana ce a hannunka, kuma akwai masu haƙƙi a cikin ƙarfinsa, innarka a yau, matarka da ƴaƴanka gobe in Allah ya kawo. In ka yafe, ba naka kaɗai ka yafe ba. Haƙurin da aka yabe shi shi ne ka jure zafin ciwo ba tare da saɓo ba, ka jure zirga-zirgar ofis, a ce ka dawo mako mai zuwa ka dawo ba tare da zagi ba, domin ba zan ɓoye maka ba, harkar takarda a ƙasar nan sai mai dogon numfashi. Yin shiru a ranar da ya kamata ka yi magana wani abu ne daban, ni na gwada shi, na ga abin da ya haifa.

Akwai kuma ambulan. Wataƙila kana kwance wani daga ofis zai zo da lemo da ayaba da fara'a, ya miƙa maka ɗan kuɗi a ambulan ya ce na magani ne, sannan ya zaro takarda ya ce ka sa hannu a nan don a rufe magana. Ka karɓi gaisuwarsa hannu biyu, ka yi masa addu'a, mai yiwuwa ma da zuciya ɗaya ya zo, amma ka ce masa, “Ranka ya daɗe, a bar mini takardar in nuna wa manya.” Dokar ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci zai yi da maigidansa ta yafe haƙƙin diyya ba ta da ƙarfi, sai dai gara kada hannunka ya hau ta tun farko, domin warware ƙulli ya fi ɗaura shi wuya. Ciwon ciki ba a sanin tsawonsa a makon farko. Wanda aka cire wa saifa zai rayu, amma garkuwar jikinsa ta ragu har ƙarshen ransa, zazzaɓin cizon sauro da wani zai sha magani kwana uku ya miƙe, shi yana iya kai shi gargara, sai ya riƙa kiyayewa da rigakafi. Wanda aka yanke wa hanji yana iya dawowa bayan shekaru da toshewar ciki saboda tabon da ya manne. Kuɗin ambulan kuwa ba ya ganin watan gobe.

Ba kowane ciwon ciki ne ke zuwa da ƙarar ƙarfe ba. Ƙaba, wadda wasu ke kira gwaiwa, takan ɓullo wa masu ɗaukar nauyi, su yi ta ɓoye ta don kunyar wurin da take, har ranar da hanji zai shaƙe a ciki ya ƙi komawa, a yi tiyatar dare. Tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri a Kaduna da na nan Kano sun san ƙirjin da ke ɗaurewa saboda ƙurar auduga, masu fasa dutse sun san tarin da ba ya jin magani, masu jima a Challawa suna wuni cikin sinadarai. Dokar ta san cututtukan da sana'a ke haifarwa, tana kuma biyansu, amma tabbatar da su sai da tarihin asibiti, saboda haka in an ba ka takunkumi ka sa, in an ce a zo gwajin lafiya ka je, ka kuma nemi kwafin sakamakon.

Ke kuma ƴar'uwata, innarsa, na san kina bayan labule kina jinmu, to ki fito da kunnenki sosai, domin rabin maganar nan taki ce, ke da duk macen da ɗanta ko mijinta ke fita neman halal. Namiji zai ɓoye wa abokan aikinsa, amma ba ya iya ɓoye wa mai ba shi abinci. In ya dawo yana tafiya a karkace, ya ture tuwo, ya kwanta a gefe ɗaya yana nishi, ki tambaye shi me ya faru, in ya ce ba komai ki sake tambaya, in ya yi fushi ki kira wanda yake jin nauyinsa. Ki san sunan wurin aikinsa da na mai kula da shi, ki san inda takardar ɗaukarsa aiki take, ki tara kowane rasit da kowane kati a leda ɗaya a ƙasan adaka. In ya kasa magana, iyalinsa su sanar a madadinsa. In kuma ta Allah ta kasance, Allah ya kiyaye, matar da aka bari da ƴaƴa biyu ko fiye tana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, mai ɗa ɗaya kashi 85, amma takaba wata huɗu da kwana goma ce, kwanakin sanarwa kuwa ba sa jira a fita, saboda haka tun ana zaman makoki a wakilta wani namiji mai hankali ya kai takarda. Mutane za su ce ana ta kuɗi gawa ba ta huce ba. Ki bar su su faɗa, ba su za su biya kuɗin makaranta ba.

Ɗana, gargaɗi ɗaya ya rage, kuma ina yinsa ne don na san zuciya. Kada ka je ka faɗi a filin ƙwallo ranar Lahadi ka lallaɓa ka kai ciwon wurin aiki ranar Litinin. Wannan asusu na marayu ne da naƙasassu, cin sa da ƙarya haram ne, kuma kowane maƙaryaci ɗaya yana sa a tsananta wa masu gaskiya goma. Haka kuma ranar da abin zai faɗa wa na kusa da kai, ya miƙe yana kakkaɓe wando yana cewa ba komai, kada ka ce masa namijin duniya. Ka kama hannunsa ku je a rubuta, ka sa sunanka a matsayin wanda ya gani, ka raka shi asibiti ko da za a yanke maka kuɗin rabin yini.

Gobe in ka je, bayan ka gaisa da mutanen ofis, ka tambaya cikin ladabi ko kamfanin ya yi rajista da hukumar, ko kuma ɗan kwangila ne ya kawo ku, in shi ne, wa ke zuba muku kuɗin, domin da yawa ba sa yi, kuma gara ka sani tun kana da lafiya. Ka tambayi inda littafin haɗari yake da wanda ke riƙe da shi, ka san wakilin ƙungiyar ƙwadago na sashenku da fuska. Ranar Juma'a bayan an sauko ka kawo mini takardar da suka ba ka mu karanta tare, ka zo da tabarau ɗina da na manta a ɗakin innarka. Ga ladan can ya fara gyaran murya, miƙo mini butar nan, ka kama hannuna in tashi, gwiwar nan ta fara nata.